Wankin Hoton Gidan da Ba a Gina Ba



A da, idan mutumin Gwandu ya tashi gina gida, magini yake kira su tsaya a fili, a ja layi a ƙasa da sanda: nan zaure, nan shigifa, nan turaka, can ɗakin uwargida. Sauran bayani yana cikin kan magini, mai gida kuwa sai ranar da aka ɗora azara yake ganin abin da ya biya. Yau kafin a buga bulo ɗaya, mai gida yana son ya ga gidan a wayarsa, da fentinsa da ƙofar ƙarfensa, har da motar da za a ajiye a harabarsa. Kwamitin masallacin da ke neman gudunmawa ma hoton yake fara nunawa, domin mutane sun fi sakin hannu idan sun ga hasumiya da ƙubba da idonsu.

Masu yin wannan hoto ba daga nesa suke ba. A Kalgo, kan hanyar Bunza, akwai mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, kuma tana da sashen koyar da zanen gine-gine. A cikin Birnin Kebbi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ita ma tana yaye masu wannan sana'a. Yaran da ke fitowa daga waɗannan makarantu su ne ke zama gaban kwamfuta su tayar da gida mai tsawo da faɗi da zurfi a manhajoji irin su SketchUp da Revit da Lumion da Blender. Idan sun gama tayar da shi, saura mataki ɗaya, wanda suke kira renda. Dattijon da ya san zamanin fim ɗin kyamara zai gane abin da sauri idan aka ce masa wankin hoto ne: an riga an ɗauka, amma sai an wanke kafin ido ya gani.

Wannan wanki shi ne batun sharhin yau, domin a nan ne wuta da fetur da dare suke ƙarewa, kuma a nan ne ake iya yi wa mai gida alkawarin da bulo da siminti ba za su cika ba.

Mene ne kwamfuta take yi idan aka ce tana renda? Lissafin haske take yi. Kimanin shekaru dubu da suka wuce, a Alƙahira, Ibnul Haisam ya rubuta littafinsa kan gani, Kitabul Manazir, ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. Kwamfuta ta yarda da shi, amma don sauƙin aiki sai ta bi hanyar ta baya. Daga kowane ɗigo na hoton, tana tura ɗan aike ya fita ta idon kyamara, ya ci karo da bango, ya karkata zuwa daɓe, ya sake karkata, har ya iske rana ko ƙwan lantarki, sannan ya dawo da labarin launin da ya kamata ɗigon ya ɗauka. Wani Ba'amurke mai suna Turner Whitted ya bayyana wannan dabara a 1980, James Kajiya kuma ya tsara cikakken lissafinta a 1986. Gwandu, garin da malaminsa, Abdullahi ɗan Fodiyo, ya sa wa littattafansa da dama suna da kalmar Liya'u, wato haske, bai kamata lissafin haske ya zama baƙo ga 'ya'yansa ba.

Abu na farko da mai zane yake saitawa shi ne girman hoto, wato yawan ɗigon da ke cikinsa. Hoto mai ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye yana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Wanda ake kira 4K, mai 3,840 da 2,160, ya haura miliyan takwas. Ke nan faɗin ya ninka sau biyu, amma aikin ya ninka sau huɗu. Haka idan aka rage girman zuwa rabi, aikin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai riƙa yin gwaji da cikakken girma ba.

Tambayar da ta kamata mai zane ya fara yi ita ce, ina hoton za shi? Idan a WhatsApp za a tura wa alhaji ya duba a wayarsa, manhajar da kanta za ta matse shi, miliyoyin ɗigon da aka kwana ana wankewa su zube a hanya, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Idan kuwa za a buga shi ne a takarda mai girman A3 a liƙa a bango ranar da malamai za su duba aikin ɗalibi, cikakken bugu mai ɗigo 300 a kowane inci yana buƙatar ɗigo fiye da miliyan 17. Allon da za a kafa a bakin titi gaban fili, duk da girmansa, ba ya buƙatar wannan tsanani, tunda daga nesa ake kallonsa, galibi ma daga kan babur.

Abu na biyu, kuma wanda ya fi cin lokaci, shi ne yawan 'yan aiken da ake turawa daga kowane ɗigo. A manhaja ana kiransu samfur. Ɗan aike ɗaya ba ya kawo labari cikakke, domin wani zai dace da taga, wani zai ɓace a lungu. Idan suka yi kaɗan, hoton yakan fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Idan aka ƙara su, tsakin ya ragu. Sai dai raguwar tana da ƙa'ida mai tsauri: kafin tsaki ya ragu da rabi, sai an ninka samfur sau huɗu. Daga 64 zuwa 256, ido zai ga bambanci sarai. Daga 256 zuwa 1,024, sai an kula. Daga 1,024 zuwa 4,096 kuwa, a yawancin hotunan waje da rana ta haska, mai gida ba zai taɓa lura ba, alhali kowane mataki ya ninka lokacin sau huɗu. Tun daga fitowar Blender ta 3.0 a Disambar 2021, injinsa mai suna Cycles yana zuwa ne a saite kan 4,096. Wannan adadi iyaka ce, domin akwai wani ma'auni a gefensa da ke ce wa kwamfuta ta daina wahala a kan duk ɗigon da ya riga ya washe. Ɗalibin da ya kashe wannan ma'auni don bai san amfaninsa ba yakan bar kwamfutarsa tana ta nanata sararin sama, wurin da babu abin lissafawa.

A nan ne ginin Hausa yake da nasa sha'ani. Hoton gida daga waje, da tsakar rana, ba ya ba kwamfuta wuya, duk inda ɗan aike ya juya zai iske haske. Amma a shiga cikin zaure ko soro irin na tsofaffin unguwannin Gwandu, mai kaurin bango da 'yar taga can sama. Magabata sun ƙanƙanta tagar ne da gangan don zafi da ƙura, kuma sun yi daidai. Ga kwamfuta kuwa, wannan 'yar kafa ita ce kaɗai hanyar haske, 'yan aike da yawa za su yi ta karo da bango ba su same ta ba. Shi ya sa hoton cikin ɗaki yake fitowa da tsaki ko da an ba shi samfur ɗin da ya ishi hoton waje. Maganinsa ba ƙara adadi kaɗai ba ne. A Cycles ana iya sa wata alama a bakin tagar da ke nuna wa 'yan aike inda haske yake shigowa, sai su daina lalube.

Akwai kuma saitin yawan karon da aka yarda ɗan aike ya yi kafin a sallame shi, wanda Cycles ya ajiye a kan 12. Ga katanga da daɓen siminti a fili, kaɗan daga ciki sun wadatar. Ga falo mai gilasai da tayil mai sheƙi, idan aka rage da yawa gilashin yakan yi baƙi, ɗakin ya yi duhun da ba nasa ba.

Sai matacin tsaki, wanda ya sauƙaƙa wa mai ƙaramar kwamfuta rayuwa ƙwarai. Kamfanin Intel ya saki nasa kyauta a 2019, kamfanin NVIDIA ma yana da nasa, kuma dukansu suna cikin Blender. Aikinsa shi ne ya dubi hoto mai tsaki ya yi hasashen yadda zai kasance in ya washe. Da shi, samfur ɗari biyu ko uku kan yi abin da a da sai dubbai. Amma hasashe yake yi, kuma yana da halin shafe abu mai laushin zane. Bangon tayil ko fenti ba ya asarar komai. Bangon ƙasa da aka shafe da makuba, mai sawun yatsun magini da ɓurɓushin ciyawa a jikinsa, idan aka tace shi daga samfur kaɗan, yakan fito sumul kamar roba. Duk wanda ya taɓa jingina da katangar ƙasa da yamma ya san ba haka take ba. Mai son zana zanko ko dagi a fuskar soro dole ya ba kwamfuta isasshen samfur tukuna, sannan ya tace a hankali, ya kuma matso da hoton ya duba ko sawun hannun yana nan.

Sauran manhajojin ma haka suke, sunaye ne suka bambanta. Revit ya jera matakai huɗu, daga na gwaji zuwa mafi inganci. Lumion yana amfani da taurari, ɗaya zuwa huɗu, wajen nuna ingancin abin da mai zane yake gani yayin da yake aiki. Rage taurarin a lokacin jera itatuwa da motoci ba ya taɓa hoton ƙarshe, kwamfutar ce kawai take samun numfashi.

Numfashin nan ba ƙaramin abu ba ne a Kebbi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Kwamfutar tafi-da-gidanka da ke renda tana aiki ne da dukan ƙarfinta, cikinta yakan kusanci digiri 90 ko fiye, kuma idan ta kai nan da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu da ta taru a fankarta tana ƙara tsananta abin. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci kuma da zarar an ɗauke wuta sun koma kan batir, sai su sauke ƙarfinsu. Saboda haka aikin da aka yi wa lissafin awa biyu yakan kai huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace awa da janareta ya yi yana ruri kuɗi ce da ake ji a aljihu. Ɗora kwamfuta a kan katifa yayin renda, abin da ɗalibai da yawa suke yi a ɗakin kwana, yana toshe mata hanyar iska. Ɗan katako biyu a ƙarƙashinta da busa ƙurar fanka suna iya yin abin da wani saiti ba zai yi ba.

Idan aka zo ga bidiyo, irin wanda kyamara ke shiga ta ƙofar gida ta zaga falo ta hau bene, lissafin yakan ba da tsoro. Daƙiƙa ɗaya tana cin hoto 24. Minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. In kowane hoto zai ɗauki minti biyu, ana maganar awa 48, kwana biyu cur ba ɗauke wuta. In aka sauko da lokacin kowane hoto zuwa daƙiƙa 20, aikin ya dawo awa takwas, dare ɗaya. Masu gogewa kuma ba sa wanke bidiyo a dunƙule. Sukan sa kwamfuta ta ajiye hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta yadda in wuta ta tafi a hoto na 900, gobe daga na 901 za a tashi.

Manyan duniya ma da wannan ciniki suka fara. Fim ɗin Toy Story na kamfanin Pixar, wanda ya fito a 1995, shi ne dogon fim na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta. Kwamfutoci 117 aka tara suna wanke shi, kuma faɗin kowane hoto ɗigo 1,536 ne kacal, bai kai na allon wayoyi da yawa na yau ba. Shekaru talatin bayan haka, a Maris ɗin 2025, wani fim daga ƙaramar ƙasar Latbiya mai suna Flow, na Gints Zilbalodis, ya lashe kyautar Oscar ta fim ɗin zane. Da Blender aka yi shi, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta tun 2002, lokacin da masu amfani da ita suka yi karo-karon Yuro dubu ɗari aka 'yanto ta. Kuma ba da Cycles mai nauyi aka wanke shi ba, da ɗaya injin ne mai sauri, EEVEE, wanda ke aiki irin na wasannin kwamfuta. Alƙalan ba su ƙirga samfur ba. Abin da suka gani shi ne haske da launi da aka zaɓa da ido mai kyau. Wannan labari ne da ya dace ya isa kunnen duk yaron da ke Kalgo yana ganin tsohuwar kwamfutarsa ce ta hana shi ci gaba.

To amma akwai saitin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, ba ya cin wuta, ba ya cin lokaci, kuma shi aka fi mantawa: gaya wa manhaja inda gidan yake a doron ƙasa. SketchUp, idan ba a sauya masa ba, yana ɗauka cewa ginin yana garin Boulder ne na jihar Kolorado a Amurka, inda aka ƙirƙiro shi, digiri 40 arewa da tsakiyar duniya. Gwandu tana kan digiri 12 da rabi, Kalgo ƙasa da haka kaɗan. Bambancin yana bayyana a inuwa. Katanga mai tsawon mita uku, da tsakar rana a ƙarshen Disamba, inuwarta a Boulder takan kai mita shida. A Gwandu mita biyu ce da 'yan kai. Mai gida da aka nuna wa tsakar gida lulluɓe da inuwa zai tare ya tarar da rana tana dukan daɓe.

Akwai abin da ya fi wannan. A Boulder rana ba ta taɓa tsayawa tsaye a kan mutum, kullum ta kudu take bi. A Gwandu tana tsayawa cak a ka sau biyu a shekara, wajen 23 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku ta arewa take ratsawa. Wato bangon arewa, wanda littattafan Turai ke cewa ba ya ganin rana, a nan yana shan ta wata huɗu. Mai zanen da ya saita wuri da wata da sa'a daidai zai ga wannan a allonsa kafin a haƙa harsashi. Zai ga abin da ranar la'asar take yi wa babbar tagar gilashi da ke kallon yamma a watan Afrilu, ya san ko baranda za a ƙara, ko tagar za a rage, ko darbejiya za a dasa a gabanta. A nan renda ta tashi daga ado ta zama awo, kamar igiya da ma'aunin birkila.

Kayan da ke zuwa cikin manhajojin nan ma na wasu ƙasashe ne: ciyawa kore shar, itatuwan ƙasashen sanyi, sama shuɗiya tas, mutane cikin rigunan sanyi. Sau da yawa akan ga hoton gidan da za a gina a Kebbi yana zaune cikin lambun da ko a tsakiyar damina ba a samun irinsa, rufin kwano yana ƙyalli kamar ƙura ba ta taɓa sauka a kansa ba. Gyaran ba shi da wuya. Ana iya ɗaukar hoton jar ƙasar filin da waya a shimfiɗa ta a matsayin daɓe. Ana iya ɗaukar hoton bulo da yashin da za a yi aikin da su. Sararin saman Cycles yana da ma'aunin ƙura, wanda in an ɗaga shi yake kawo hazo irin na Janairu, lokacin da rana ke zama farin faifai, inuwa ta yi laushi. Farin fenti da ya yi kyau a ƙarƙashin shuɗiyar sama wani abu ne daban a cikin wannan hazo, kuma mai gida yana da haƙƙin ganin duka biyun kafin ya sayi bokiti ashirin.

Haƙƙi ne kuwa, domin hoton nan da shi ake karɓar kuɗi. Wanda ya tara ribar albasa ko shinkafa ta shekaru, ko jama'ar unguwa da suka yi karo-karo don masallaci, sun dogara ne da abin da aka nuna musu. Idan an faɗaɗa idon kyamara har falo mai mita huɗu ya yi kama da zauren taro, ko an cika ɗaki da fitilun da babu su a lissafin mai haɗa waya, an ɗora wa magini nauyin da ba zai iya saukewa ba, kuma shi za a zarga. Kyamarar da aka tsayar daidai tsayin idon mutum, da faɗin gani matsakaici, ita ke nuna ɗaki yadda mai shiga zai same shi.

Wannan ƙwarewa tana da wani aiki da ke jiranta a Gwandu. Garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sifawa, inda hubbaren Malam Abdullahi yake, inda Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1853 ya samu kwafin Tarihin Sudan, yana da gine-ginen ƙasa da kowace damina take rage wa wani abu, siminti kuma yana maye gurbin saura. Da waya mai kyamara, ana iya zagaya soro a ɗauke shi hoto ɗari ko biyu ta kowane gefe, manhaja ta haɗa su ta fitar da surarsa da awonsa. A irin wannan aiki saitin yakan juya: a bar matacin tsaki a ƙasa, a ɗaga ingancin fatar bango, a yi haƙuri da tsawon lokaci, domin tsagar da ke jikin katanga da gurbin da ruwa ya ci su ne abin da ake son adanawa. Lokacin ɗaukar hotunan ma yana da ƙa'ida. An fi son safiya kafin rana ta yi ƙarfi, ko ranar da hazo ya rufe ta, saboda inuwa mai kaifi takan manne a jikin surar, ta ƙi fita ko an sauya hasken daga baya. Daga Kalgo zuwa Gwandu tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, kuma watannin Disamba da Janairu ne suka fi ba da irin wannan haske.